Malam Kafin-ya-zo

Tun ranar rigimar kujera na san ƙanen mijina ba zai taɓa cin shari'a a duniyar nan ba, ko da kaza ce ta kai shi ƙara.

A ɗakin malamai na makarantar unguwarmu akwai kujeru jere a jikin bango, kowace da mai ita, an rubuta sunansa da fenti a baya. Galibinsu ƙura ce ke zama a kai. Ni kuwa ɗan teburina yana waje, daidai bakin tagar ɗakin, ina sayar wa yara biskit da fensir da ruwan sanyi. Duk abin da aka faɗa a ciki kunnena yake faɗowa. Ba gulma ba ce, tagar ce ba ta da marfi.

Wata safiya Auta, wato ƙanen mijin nawa, ya fito daga aji ya gaji da tsayuwa, ya zauna a kujerar malamin lissafi. Shi wannan malamin shagon tayoyin mota gare shi a bakin tasha, shi ya sa ake ce masa Mai Taya, kuma rabonsa da makarantar tun yaran ajinsa suna famfarar haƙori. Ranar ban san me ya koro shi ba, sai ga shi da sabuwar riga yana kaɗa makullai. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ta tare shi a baranda, ta durƙusa da ladabi ta ce, "Baba, iyayen yara a ofishin Shugaba suke jira." Da wannan haushin ya shigo, ya tarar da mutum a kujerarsa.

"Kai, tashi! Ba ka iya karatu ba ne? Sunan wa ka gani a baya?"

Auta ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga sunan. Mai sunan ne dai ban taɓa gani a kai ba."

Na ƙware da ruwan da nake sha.

"Au, baƙar magana za ka gaya mini? Hukuma ce ta ba ni kujerar nan."

"Ajin ma ai ita ta ba ka, kuma ban ji ka ce in fito daga cikinsa ba."

Da a ce ana cin shari'a da gaskiya, da an tashi a nan. Sai ga shugaban makaranta ya shigo, shi kuma tsohuwar motarsa a kan tayoyin Mai Taya take tafiya. Ya saurari kowa yana gyaɗa kai, sannan ya yanke hukunci: Auta ba ma'aikaci ba ne, wanda ba ma'aikaci ba kuwa ba shi da kujera, don haka ya ba da haƙuri. Ya bayar. Mai Taya ya zauna iya shan ruwa, ya miƙe, ya sa aka ɗora masa kujerar a bayan mota, wai kada a lalata kayan hukuma. Har yau tana shagonsa, masu jiran gyaran faci ke zama a kai. Auta kuwa ya kifa tsohon bokitin fenti a lungun ɗakin, ya zama kujerarsa.

Lokacin da aka kawo ni gidansu, Auta bai wuce a goye shi ba. Ni na yi masa wanka, ni na tsefe masa ƙwarƙwata, don haka ina da hurumin faɗin abin da na ga dama a kansa. Ya taso da kan karatu, ya shiga kwalejin horon malamai, sai wansa, mijina, ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Auta ya baro karatun ya dawo ya riƙe gida. Ana haka Shugaba ya gan shi a ƙofar gida wata rana, don gidanmu da makarantar katanga ɗaya ce ta raba, ya ce ya taimaka ya riƙe masa wani aji kafin malamin ya zo, wai malamin ya je duba mahaifiyarsa. Mahaifiyar ta warke, ta sake kwanciya, ta rasu, aka tashi daga zaman makoki, malami bai zo ba. Ni na laƙaba masa Malam Kafin-ya-zo don in tsokane shi, sunan ya bi shi, har akwai iyayen da suka ɗauka sunan yanka ne.

Kowane malami da uzurinsa. Wani yana riƙe wa wani ɗan siyasa jaka. Wata tana fataucin atamfa, ba ta leƙowa sai ta zo tallar sabon kaya ga 'yan uwanta malamai. Wani ya tafi ƙaro karatu, ya yi ta ƙarowa har na ce idan ya dawo sai dai a faɗaɗa masa ƙofa kansa ya shiga. Kada in yi musu sharri gaba ɗaya: akwai wani bawan Allah da aka turo daga nesa, albashinsa a mota yake ƙarewa, yana zuwa ran da ya iya. Akwai kuma malamai mata guda biyu da ba sa fashi, amma su ma jikinsu ɗaya ɗaya ne, kowace da nata ajin ya ishe ta. Sauran duk a wuyan Auta. Ƙarshen wata, wanda ya tuna sai ya aiko masa da ɗan na sabulu.

Ya lallaɓa ya ƙarasa karatunsa a ƙarshen mako, ya samo takardar shaida, ya goge takalmi ya kai ofishin ilimi. Suka duba suka ce masa babu gurbi, makarantarku cike take da malamai. Ya koma, ya sake komawa, amsar ba ta canza ba. To ya za ta canza? A wajensu kowane aji da malaminsa, kuma ba wanda ya taɓa kawo kuka.

Abin da yake so bai taka kara ya karya ba. Ya sha gaya mini yana wanke allin hannunsa a bakin famfo. "Yaya, aji ɗaya nake so, nawa na kaina. In buɗe musu littafi a shafin farko, in kai su na ƙarshe." Domin shi kullum daga tsakiya yake kamawa. Duk ajin da ya shiga, tambayarsa ke nan: a ina kuka tsaya? Ya ɗan ja su, sai a kira shi wani ajin. In jarrabawa ta matso, masu aji su bayyana na 'yan kwanaki su karɓi abinsu, su sa hannu a sakamako. Mutumin nan ya tsufa a makaranta bai taɓa ganin ƙarshen littafi ba.

Yadda yake riƙe aji uku a lokaci guda, sai wanda ya gani. Zai shiga na farko ya cika allo da rubutu, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur tana fuskantar yara, ya ce, "Ina dawowa." Ƙananan sun yi imani hular tana kai masa rahoto, ba mai ko tari. A na biyu sai ya rataye jakarsa a jikin kujera, ya sa su maimaita karatu da ƙarfi, don in sun tsaya ya jiyo daga nesa. Na uku shi ne mai rabon ganinsa da kansa. Bayan ɗan lokaci sai a juya: masu hula su sami jaka, masu jaka su sami mutum. Wanda ya bi ta baranda sai ya rantse makarantar nan ba ta da tamka.

Amma hula ba ta koyar da karatu, kuma shi ma ya sani. Yara suka ƙware a rera abin da ke allo, a nuna musu kalma ɗaya daban su yi ta kallonka. Akwai wani mai walda a layinmu, ƙato da gemu, duk inda ya ga Auta sai ya durƙusa har ƙasa, amma in an turo masa saƙo a waya jikata yake kawo wa ta karanta masa. Auta in ya ga haka sai ya sunkuyar da kai ya shige ɗaki. Na taɓa ce masa, "Kai ne ka lalata makarantar nan. Da ba ka toshe ramin ba, da tuni wani babba ya faɗa ciki an gyara." Bai musa ba. Cewa ya yi, "Na sani, Yaya. To amma gobe da safe fa?" Kullum akwai gobe da safe.

Sai aka kawo sabuwar mai duba makarantu, wata mace wadda ba ta aiko da sanarwa. A da, duk ranar da masu dubawa za su zo, Shugaba yakan ji tun da wuri, ya buga wa kowa waya, ka ga malamai sun cika fili da turare kamar ranar ɗaurin aure, Auta kuma a ce ya tsaya gida. Wannan kuwa dira take yi kawai. A wata makaranta ta tarar da azuzuwa ba kowa, ta sa aka sallami masu fashin, aka ɗauki waɗanda ke da takarda a unguwar. Auta a lokacin furfura ta fara yi masa sallama, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe kafin ya wuce shekarun da hukuma ke ɗaukar sabon ma'aikaci.

Matar direbanta ƙanƙara take saye a wurina. Mace in tana jiran canji ba abin da ba za ta faɗa ba. Ta ce gobe da hantsi wajenmu suka nufa, Shugaba bai sani ba.

Na koma gida na zaunar da Auta. Na ce, "Gobe ba za ka je ba."

"Ba ni da lafiya ne?"

"Za ka rasa ta in ka yi mini gardama. Ka bari matar nan ta ga makarantar yadda take, tsirara. Ta ga aji ba malami, ta tambaya, iyaye su ce ga mutumin da ke riƙe mana yara, ga takardarsa. Safiya ɗaya tak, Auta."

Ya yi ta murza hula a hannu. Matarsa, baiwar Allah da ba ta cika magana ba, ranar har ita ta sa baki. Da ƙyar ya ce to. Ni kuwa na san "to" ɗinsa, don haka na kwashe takalmansa duka na zuba a akwatina, na kulle, da gari ya waye na jawo akwatin tsakar gida na zauna a kai. Ko tebur ban fitar ba.

Aka buga ƙararrawa. Ba a jima ba hayaniya ta tashi ta bayan katanga kamar an buɗe kasuwa. Auta yana zaune a tabarma, an ajiye masa shayi ya huce bai taɓa ba. Ya kasa kunne ya ce, "Manyan ne waɗannan, sun kifar da benci." Can ya ce, "An fasa tulun ruwa." Na ce su fasa har da Shugaban. Ya yi dariyar dole. Na ga dai yana daurewa, har na fara lissafin irin rigar da zan ɗinka ranar da aka ba shi aji.

Sai hayaniyar ta ragu. Ta yi ta raguwa, har muka koma jin kukan tsuntsu.

Ya miƙe tsaye. "Yaya, sun yi shiru."

"To ka gode wa Allah."

"Ba shirun alheri ba ne. Sun fita ta ɓarakar katanga."

Bayan makarantar akwai inda katanga ta zube, daga nan sai babban titi da manyan motoci ke gudu, a tsallake kuma akwai bishiyoyin mangwaro. Kafin in buɗe baki ya zura silifas ɗina, wasu ja masu fure a sama, rabin dunduniyarsa a ƙasa, ya fice a guje. Na bi shi ba takalmi, ɗankwali a hannu, ina kiran sunansa da duk sunayen da ba na yanka ba.

Ya same su. Manyan sun riga sun tsallaka, ƙananan sun yi layi a bakin kwalta suna jiran su kwasa da gudu. Ya tare su da hannu biyu kamar mai kora awaki, ya tsayar da motoci ya tsallako da sauran, ya turo su ta ɓarakar ɗaya bayan ɗaya. Har zuwa nan ban ga laifinsa ba. Jikata tana cikin layin nan, na gan ta da idona.

Abin da ya biyo baya ne ban yafe ba. Ya shigar da su aji, sai hannunsa ya kama aikin da ya saba. Ya cika allo, ya ajiye hula. Ya wuce na biyu, babu jaka, ya tuɓe rigarsa ta sama ya rataye. Ya shiga na uku. Ko numfashi ban gama mayarwa ba, sai ga farar mota ta shigo.

Shugaba gumi ya jiƙa shi, amma in dai ƙarya ce ba ya rasa numfashi. Baƙuwa ta leƙa aji na farko, yara tsit suna rubutu, ga hula a tebur. Ya ce malamin ya zaga bayan gida. Na biyu, ga riga a kujera, karatu na tashi. Ya ce wannan ya je ɗauko alli. A na uku ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana sauraro, tana gyaɗa kai. Ta kalli silifas mai fure ta yi murmushi, ta ce, "Malam, sunanka fa?" Shugaba ya yi caraf ya ce ai malaminmu na lissafi ne, ya faɗi sunan Mai Taya.

Ina bakin taga. Na ga Auta ya buɗe baki. Ya dubi Shugaba, ya dubi yaran da suka zuba masa ido, sai ya juya ya ci gaba da rubutu a allo.

Ni ban yi shiru ba. Na tare ta a bakin mota ina zuba bayani, ƙafa duk ƙura, kai ba ɗankwali, ina haki ina nuna nan ina nuna can. Shugaba ya matsa kusa da ita ya yi ƙasa da murya ya ce mai tallar biskit ce, tana da ɗan taɓi, amma ba ta duka. Matar ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu Mama, Allah ya ba da lafiya." Mota ta tashi.

Bayan 'yan makonni aka aiko wa Mai Taya takardar yabo. Ya sa ta a gilashi ya rataye a shago.

Shekarar ta fita, ƙofar ɗaukarsa aiki ta rufu. Auta ya ci gaba da zaga azuzuwan mutane har muryarsa ta dushe, alli ya kama masa ƙirji. Da aka canza shugaba, sabon ya ce ba a yarda wanda ba ma'aikaci ba ya shiga aji, ya yi masa godiya a tsaye a baranda. Duk da haka in malami ya yi fashi, sai ka ga an turo a kira shi ta bayan fage, shi kuma ya ɗauki hula. A daminar da ta wuce ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutanen da suka raka shi sun cika layinmu har titi, kowa na cewa malamina ne. A ofishin ilimi kuwa babu ko takarda ɗaya da ta san an taɓa yin sa.

Faɗanmu na ƙarshe a kan wannan magana, ranar bikin ritayar Mai Taya ne. An kafa rumfuna a filin makaranta, aka yi ta jawabi kan shekarun da ya sadaukar, aka karanto takardar yabon nan aka tafa. Yara suka rera waƙar ban kwana, suna satar kallon juna don ba su san wanne ne a cikin manyan ake yi wa ba. Wa ya koya musu waƙar? Auta. Wa ya jera kujerun? Auta. Ya dawo gida da la'asar yana tari, ya zauna a bakin famfo yana wanke ƙafa, ni kuwa na cika na batse.

Na ce, "Sannu da aiki, ango. An ba ka ko lemo?"

"An ba ni, Yaya."

"Da ka ji maganata, da yau kai ma kana da ranar da za a kafa maka rumfa. Tsallako da yara daga titi, na yarda. Wa ya aike ka shiga aji? Wa ya ɗinke maka baki da aka kira ka da sunan wani?"

Ya ce a gaban yara ba ya iya ƙaryata babba.

"Amma ka iya ƙaryata kanka! Na kulle takalma, na zauna a kan akwati kamar kaza a kan ƙwai, na zama mahaukaciya a idon baƙuwa, duk don ka sami aji ɗaya. Safiya ɗaya aka ce ka zauna a gida, mutumin banza, safiya ɗaya!"

Ya ɗauki lokaci yana tsane ƙafarsa da tsumma. Sannan ya ɗago, da wannan dasasshiyar muryar tasa, ya ce:

"Yaya, so kika yi a ɗauke ni aiki don ban je aiki ba. Irin waɗannan ai su suka cika makarantar, shi ya sa babu gurbi."